Kurar Mashigi da Wayar Baban Ummi

Wayar mijina, Baban Ummi, tana cikin adakata, a naɗe da ɗankwali, kuma muryarsa tana cikinta. Tun da Allah Ya karɓi ransa a hanyar kudu, da lodin albasa a bayansa, ban yi kwana ɗaya ban kunna ta na saurare shi ba. Yanzu na daina. In na kai hannu gare ta sai zuciyata ta tashi, kamar wadda ta ga mataccen ƙuda a gindin ƙwarya bayan ta shanye furar. A cikin kwanakin nan ne wata tatsuniyar kakata ta dawo mini, wadda ina yarinya na fi ƙi a cikin duk tatsuniyoyinta.

A Kuberi muka tashi, ni da ƙanwata Saratu, a hannun mahaifiyar babanmu. Kaka kawai muke ce mata. Lokacin ɗari, in an ci tuwo an sallaci isha, ba ta bari a kashe murhu. Sai ta ƙara kara, ta tura dankali cikin toka, ta jawo tarin buhunan albasa da ɓeraye suka huda, ta zauna da basillarta tana ɗinki. Yaran maƙwabta su shigo ɗaya bayan ɗaya, kowa da zanen da ya lulluɓa, mu matsu da juna har gwiwa na gugar gwiwa. Hayaƙin kara yana shiga ido, warin tsohuwar albasa yana tashi daga buhunan, amma babu mai matsawa baya.

Kaka mace ce mai ƙyanƙyami. In yaro ya tsoma yatsa a randa, tuntsurar da ruwan take yi gaba ɗaya, ko da rijiya na da nisa. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya nuna mata tafin hannunsa a hasken wuta. In ta gamsu sai ta soke basilla a buhu, ta ce:

“Ga wata nan taz zaka daga nesa, ƙahwahunta duk taɓo.”

Mu kuma mu amsa da ƙarfi: “Ta wanke ta shigo!”

Tatsuniyar ta wasu mata biyu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Aka aurar da babbar a wannan gaɓar gulbi, ƙaramar a waccan. Gulbin cike yake da kada, babu jirgi, kuma babu wanda ya san mashiginsa sai wata kura. Babbar ba ta iya cin abu mai daɗi ƙanwarta ba ta ɗanɗana ba, sai suka shirya da kura: za ta riƙa ɗaukar akushi tana ƙetarewa da shi, ladanta ƙashi. Kura kuwa ta riƙe aikin yadda kowa ya yi mamaki. Ko loma ɗaya ba ta taɓa ɓata ba. Naman da aka sa, shi za a tarar. Har a kasuwa ana misali da amanarta.

Amma akwai wani tudun yashi a tsakiyar gulbin, inda ba a hango mutum daga kowace gaɓa. Nan kura ke ajiye akushin. Ta ɗaga faifai, ta zaro harshe, ta lashe tuwon daga wannan gefe zuwa wancan. Ta kurɓi miyar, ta juya ta a baki, ta mayar. Ta tsotsi naman ta ajiye shi inda yake. Sannan ta shafe saman tuwon da harshe har ya fi yadda aka kwashe shi santsi, ta rufe, ta ci gaba da tafiya.

In Kaka ta zo nan sai ta kwaikwayi ƙarar lasar da bakinta, a hankali, tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Yara su yi ta ihu suna toshe kunne. Ni dai ajiye dankalina nake yi, ba na ƙara iya cinsa.

“Ƙaramar hal yabo takai,” in ji Kaka. “Ta ce, kai, tuwon Yaya na bana sheƙi gare shi!”

Wani yaro ya tambaye ta ko yunwa ce ta sa kura haka.

“Yunwar mi? Ga ƙashinta ana ba ta. So takai ta san abin da ac cikin akushin mutane, shi ke nan.”

Ranar da asiri ya tonu, gishirin babbar ne ya ƙare, ta yi miya haka nan. Kura ta kawo akushi ta ajiye a gaban ƙaramar, ta ce cikin ladabi, “Uwar ɗakina, yau sai ki nemi ɗan gishiri, yayarki ta manta.” Ƙaramar ta dubi akushin, a rufe yake. Ta dubi bakin kura, yana maiƙo. Kaka ta ce a wurin ta amayar da tuwon shekara da shekaru, har sai da gulbi ya ƙaru.

Ba su iya korar kura ba, don babu wani mai ƙetarewa. Sai ƙaramar ta tsaya a bakin ruwa ta ƙwala wa yayarta kira, ta gaya mata dabara, kura na ji, duk gari na ji. Babbar ta je wurin maƙerin garinsu ya ƙera mata tukunyar ƙarfe mai murfi, da kunnuwa biyu na sa kwaɗo. Kowaccensu ta sayi kwaɗonta, mai mabuɗi ɗaya tak. Ba halin aika mabuɗi, don kura ce za ta ɗauka. To sai babbar ta zuba tuwo ta kulle da kwaɗonta, kura ta ƙetare da shi. Ƙaramar ba ta iya buɗewa, sai ta ƙara nata kwaɗon ta mayar. Babbar ta cire nata ta sake aikawa. Yanzu saura kwaɗon ƙaramar kaɗai, ta buɗe abinta ta ci. Kura ta yi ta zirga-zirga a ruwa, ba ta taɓa samun tukunyar babu kwaɗo ba.

Na ce, “Kaka, ai kafin nan tuwon ya huce!”

Ta maka mini buhu a ka. “Ke Kulu, uwar gaggawa! In yah huce ba sai a ɗumama ba? Wanda kura tal lasa hwa, gaya mani murhun da za ki aza shi.”

Saratu wannan wurin ta fi so. Sai ta ɗebo tsakuwa ta jera a ƙasa, wannan kwaɗon yaya, wannan na ƙanwa, tana tura gwangwani tana dawo da shi, tana neman inda kura za ta samu kafa. Ta sa Kaka ta maimaita har sauran yara su fara tsaki. Ni kuwa jira nake a zo wurin da za a kashe kurar.

Ba a zuwa. Kura ta rame, ta ƙara ladabi. Ta riƙa gaida babbar safe da yamma, ran da ɗanta ya yi ciwo ita ta goya shi ta kai wa mai magani. Shekaru suka ja, hannun babbar ya fara rawa, kwaɗon ya yi tsatsa. Wata rana tana fama da mabuɗi, kura ta ce, “Kawo in murɗa miki.” Babbar ta san abin da ya faru a da, ba ta manta ba. Amma ta dubi wadda ta goya mata ɗa, ta ji nauyin ta ce a’a. Ta miƙa. Kura ta murɗa mata, kafin ta mayar ta danna mabuɗin a taɓo ya fitar da siffarsa, ta kai wa wani maƙeri.

“Daga nan fa, Kaka?”

“Daga nan tuwo yac ci gaba da sheƙi.”

“Ba a kashe ta ba?”

“A kashe ta a kan mi? Ta saci wani abu?” Sai ta zare basillarta. “Ta koma inda tah hito. Ku tashi ku kurkure baki.”

Haushin wannan ƙarshe na daɗe ina ji. Sauran tatsuniyoyin Kaka, mugu yana gamuwa da sanda ko rami. Wannan kuwa sai dai ka kwanta da tashin zuciya.

Kaka ta rasu kafin a yi mini aure. Aka kawo ni Jega, Sabon Gari, gidan direban babbar mota mai ɗaukar albasa daga Aliero zuwa kudu. Karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba, shi kuma allo ya yi, bokonsa na karanta allon hanya ne. Shi ya sa da ya saya mana manyan wayoyi, ba rubutu muke yi ba, saƙon murya muke tura wa juna. Yana iya yin mako biyu a hanya, amma kullum muryarsa na gida.

“Kulu, mun tsaya Yawuri, taya ta hwashe. Abincin da nis saya ko akuya ba ta ci nai. Ki aje mani miyar kuka ko ta kwana goma.”

Irin wannan, da waɗanda ba irin wannan ba. Mutum ne mai kunya a gaban jama’a, a tsakar gida ko sunana ba ya kira. Amma in ya rufe ƙofar mota shi kaɗai, bakinsa buɗewa yake. Abin da miji ke gaya wa matarsa ya gaya mini a wayar nan, ni ma na mayar masa.

Wanda ya haɗa mana wayoyin shi ne Garba, ɗan baffansa, mai shagon caji da kayan waya a bakin tasha. Ƙane ne a gare shi, don haka akwai wasa tsakanina da shi, “matarmu” yake ce mini. In wayar Baban Ummi ta cika ko ta rikice, a shagon Garba yake barin ta da lambar sirrinta, ya je lodi ya dawo ya karɓa. A wurinmu ba a hana ɗan’uwa waya. In ka juya masa baya kana danna lambar sirri, ka zage shi, kuma sai an kai maganar gaban manya.

Ba zan yi dogon bayani a kan rasuwarsa ba. An kawo mini hularsa da wayar, gilashinta ya tsage a kusurwa amma tana aiki. Na shiga takaba.

Da farko sauraro kawai nake yi. In mata masu gaisuwa sun watse bayan la’asar, sai in tura ƙofa in kunna tsofaffin saƙonninsa, wani lokaci a wayata, wani lokaci a tasa, don in riƙe abin da ya riƙe. Kullum tana da caji, kullum da data. Wata rana, ban san yadda aka yi ba, na danna wurin ɗaukar murya a tawa wayar na ce, “Ummi ta yi zazzaɓi jiya, amma da sauƙi.” Na tura. Wayarsa ta yi ƙara a kan katifa kusa da ni.

Daga ranar na ci gaba. Na gaya masa wanda ya zo gaisuwa da wanda bai zo ba. Na yi masa faɗa a kan tafiyar da na ce ya fasa bai fasa ba. Na yi kuka irin wanda ban yi a gaban mahaifiyata ba. Na gaya masa cewa da ’yan’uwansa suka zo tattara kayansa, na ɓoye rigarsa ta aiki, mai warin albasa da man mota, na cusa ta cikin rigar matashina, kuma ba na iya barci sai na shaƙe ta.

Akwai wata ’yar alama a gefen saƙo da ke komawa shuɗiya in wanda aka tura wa ya saurara. Ban taɓa buɗe saƙonnina a wayarsa ba. Amma in na tura da yamma, kafin magariba sai in ga alamar ta yi shuɗi. Ni musulma ce, na san inda mijina yake, na san waya ba ta zuwa can. Na ce wa kaina rikicin waya ne tun da ta faɗi. Sai dai ban tambayi kowa ba, don ba na son a gyara mini.

Bayan na fita takaba, Baffa, mahaifin Garba, ya aiko cewa ɗansa na son ya riƙe ni da marainiyar ɗan’uwansa. Ba ni da niyyar aure, amma ba a mayar da saƙon Baffa daga bakin ƙofa. Na ce ya zo. Ya zo da yamma da ledar lemo ta Ummi, na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na zauna daga gefe.

“Matarmu, kin rame.”

“Haka Allah Ya so.”

“Ki daina cin ranki. Wanda yat tahi ya tahi.” Ya gyara zama, ya sassauta murya. “Ni ba baƙo na ba gare ki, Kulu. Na san ki hiye da yadda kike zato. Rigar nan da kika cusa cikin matashi, ki hidda ta ki wanke, ki ba da sadaka. Ya za a ce mace kamarki ba ta barci sai ta shaƙi tsumma?”

Yana murmushi ya faɗe ta, irin murmushin mai lallashi. Babu mai shiga ɗakina, ko Ummi ba ta san da rigar ba. Mutum ɗaya na gaya wa, kuma lokacin da na gaya masa yana cikin kabari. Na tashi na shiga gida, ban kai banɗaki ba, a bakin magudana na durƙusa ina amai.

Washegari Saratu ta zo daga Aliero. Ita ta yi karatu mai zurfi, yanzu aikinta kula da kwamfutocin wata makaranta, ita ke tsare su kada wani ya kutsa cikinsu ta intanet. Na gaya mata komai ina kallon ƙasa. Ba ta yi mini wa’azi a kan magana da mamaci ba, Allah Ya saka mata. Hannu kawai ta miƙo.

“Ba ni wayarsa, Yaya Kulu.”

Ta shiga nan ta shiga can, sai ta tsaya. Ta juyo mini da fuskar wayar. Akwai wata kwamfuta da aka haɗa da layin, kuma ko a safiyar ranar an leƙa ta cikinta.

Na ce, “Ba ke kika ce mini saƙon nan a kulle yake tafiya ba? Kika ce ko masu kamfanin ba sa ji?”

“Haka ne, kuma ban yi miki ƙarya ba.”

“To fasa kullen ya yi?”

“Garba? Ko wanda ya fi shi sau dubu ba ya fasa shi.” Ta ajiye wayar a cinyarta. “Kin tuna tukunyar Kaka? To kusan haka ne, sai dai yanzu an rage wahala. Kowace waya tana da kwaɗonta da mabuɗinta. Kwaɗon a buɗe take raba shi ga duk mai son aiko mata da saƙo, mabuɗin kuwa ba ya barin cikinta. In kika yi magana, wayarki za ta hargitsa muryar ta koma shirmen da ba mai ganewa, ta datse da kwaɗon wayarsa. Duk inda saƙon ya bi, ko wa ya tare shi, shirme zai gani. Sai ya isa wayar da ke da mabuɗi yake komawa magana.”

“To ta ina ya ji ni?”

“Ranar da aka bar masa wayar a buɗe, sai ya gabatar mata da kwamfutarsa, ya ce wannan ma maigidan ne. Wayar ba ta san fuska ba, wanda ya riƙe ta a buɗe shi ne mai ita. Tun daga ranar, duk abin da kika tura, wayarki biyu take kullewa. Ɗaya da kwaɗon mijinki, ɗaya da kwaɗon Garba. A kulle yake isa gare shi, lafiya lau, har shagonsa.”

Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun mijina yana da rai, da daɗewa.

Wato ba kukan takabata kaɗai ba. Har abin da ya faɗa mini yana rufe a cikin mota. Har abin da na mayar masa ina dariya ƙasa-ƙasa don kada Ummi ta farka. Duk wannan Garba na zaune a bayan kanta, tsakanin wayoyin mutane da ke caji, da abin sauraro a kunne. Sannan ya zo gidanmu ranar Juma’a ya ci tuwona, ya ce matarmu sannu da aiki.

Akwai abin da Saratu ta so ta ɓoye mini, na matsa mata. Ta ce da an bar wayar a kashe na wani ɗan lokaci bayan rasuwar, da haɗin ya yanke da kansa. Kunna ta da nake yi kullum don in ji muryarsa, shi ya bar wa Garba hanya.

Ta cire kwamfutar. Ta sa na zaɓi sabuwar lambar sirri, ta ƙara wata ta biyu wadda in babu ita ba a ɗauke layin zuwa wata waya, ta kau da kai lokacin da nake dannawa. Ta ce, “Kada ki gaya wa kowa, har ni. In na tambaye ki ma ki hana ni.” Sannan ta ce, “Na rufe, Yaya. Amma abin da ya riga ya ji ba ni da ikon ciro shi daga kunnensa. Ko ya ajiye wani a wurinsa, ban sani ba.”

Ta so mu je wurin Baffa, ko ma gaba da Baffa. Na ƙi. In na kai ƙara za a ce me ya ji, sai in faɗa a gaban surukaina. Za a ce me ya kai ki magana da wanda ya mutu. Kafin mako ya zagayo, matan unguwa za su san zancen rigar. Saratu ta yi fushi har da hawaye, ta ce irin shirun nan ne ke sa irin su Garba su ci gaba. Gaskiyarta ne. Amma ba ita za ta zauna a Sabon Gari ba.

Da Garba ya dawo jin amsa, ban zauna ba. Daga bakin ƙofar zaure na ce masa, “Garba, an cire kwamfutarka.”

Na ɗauka zai musa, ko ya sunkuyar da kai. Sai ya buɗe hannuwa.

“Haba matarmu. Shi yab ba ni wayar da hannunai. Na haɗa ne don in ta ɓace in maido mashi da abubuwanshi. Na taɓa mashi wani abu? Na kai zancenku wani wuri? Tambayi duk garin ga, wa yaj ji daga bakina?”

Ya dafa ƙirji.

“Da ba ni saurare, wa za ya san halin da kike ciki? Kowa na ganin kin yi haƙuri, ni kaɗai nis san ba ki yi ba. Wallahi akwai ranar da nij ji ki hak kuka nay yi.”

Abin da ya fi muni shi ne ba ƙarya yake yi ba. Ya yarda da abin da yake faɗa. A ganinsa kusanci ne ya samu da ni, har ya cancanci lada. Na ce masa ya tashi. Da ya fita na ɗauki tabarmar da bakin yatsu na jefa bayan gida. Rigar kuma na ciro ta a daren na jiƙa, na wanke ta har sau nawa ban sani ba, na ba wani mai gyaran taya. Ba don ya ce in yi ba. Don in na kai ta hanci, muryar Garba nake ji yana cewa tsumma.

Na aika wa Baffa cewa ba ni da ra’ayin aure yanzu. Aka ce baƙin ciki ne, a ba ni lokaci. Garba yana nan a shagonsa, mutane na miƙa masa wayoyinsu a buɗe. Ranar sallah ya shigo gaisuwa cikin ’yan’uwa, ya shafa kan Ummi, na kawo musu ruwa.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Kaka a kan kura take, shi ya sa na yi ta jiran sanda. Saratu ta ɗauka a kan kwaɗo take, ta bi kwaɗon har ya zama abincinta. Yanzu da nake juya ta, babbar yayar nake gani, tsaye da mabuɗi a hannu mai rawa, ta san komai, amma kunya ta hana ta cewa a’a. Baban Ummi ba sakarai ba ne. Tankin mansa da kwaɗo yake, ɗaurin tamfol ɗinsa in an taɓa yana ganewa. Amma bai taɓa ɗaukar magana a matsayin kayan da ake kullewa ba, kuma ko ya ɗauka, ba zai iya duban ɗan baffansa ya ce juya baya ba. Ban ga laifinsa ba. Saratu ta ce ko a wurin aikinta ba masu kutse daga nesa ne suka fi ba ta wahala ba, sai ma’aikacin da abokinsa zai ce ara mini lambarka, ya ji nauyin hanawa. Ina ganin Kaka ta san ba a hukunta irin wannan ɓarna, don ba abin da za ka ɗaga ka nuna ka ce ga abin da aka ɗauke mini. Komai na nan yadda aka bar shi. Kai ne dai ba ka iya kai shi baki.

Kwanan baya ina tankaɗe a tsakar gida, Ummi ta dawo daga Islamiyya ta tsaya a kaina.

“Mama, kin daɗe ba ki kunna mini Baba ba.”

Na ce wayar ba caji. Ta ce ta ga na sa ta a caji jiya, don ko ban saurara ba, ba na barin ta ta mutu. Yarinyar ba ta yi wa kowa laifi ba, kuma ubanta ne. Na wanke hannu na shiga ɗaki, na ciro wayar, na nemo wani saƙo da ya yi daga Lakwaja, wanda yake cewa a gaya wa Ummi ya sayo mata takalmi mai ƙyalli, in ta ƙara cizon ’yar maƙwabta zai ba akuya ta sa. Na danna, na ajiye mata a kan katifa, na fito na ja ƙofa.

Ta bango na ji shi, da ƙarar motoci a bayansa. Na ji Ummi ta ƙyalƙyale da dariya tana cewa, “Akuya ba ta sa takalmi, Baba!” Saƙon ya ƙare, na gaba ya shiga da kansa. Ya yi gyaran murya yadda yake yi in ya rufe ƙofar mota, ya ce, “Kulu.”

“Mama! Zo, ke yake kira!”

Na riƙe rariyar da hannu biyu. Na ce, “Ina jin shi daga nan. Danna ki tsayar, ki mayar da na takalmin.”

Ta mayar. Na tsaya a jikin bangon har ya gama, kunnena a kan siminti, kamar mai satar jin maganar gidan wasu.